Hoton Uwaisu da 'Yar Farinsa

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa a kan labarin Malam Uwaisu. Sana'ar da ya ba wa shekarunsa ba ta da sauran kwana mai yawa. A ƙasar da na yi karatu na ga na'ura mai allo irin na talabijin, a ɗora mata hoto, a goge abin da ba a so, a jawo wannan mutum kusa da wancan, kafin shayi ya huce an gama aikin da yake cin Uwaisu mako uku. Ko ba daɗe ko ba jima za ta iso Bompai, unguwar kamfanoni ta Kano. Ban da wannan ma, aikin nasa shi ne ya tsayar da mutum a inda bai taɓa tsayawa ba, ni kuwa har yau ban yanke wa kaina hukunci ba, gyara ne wannan ko ƙarya. Na san shi a shekarar 1988, lokacin da aka tura ni duba injinan wata maɗaba'a bayan dawowata gida. Abin da zan faɗa daga bakinsa na ji shi, sai ɗan abin da maigidansa ya cika mini.

Uwaisu mutumin wani ƙauye ne arewa da Gumel, inda mai neman ɓatacciyar akuya kan shiga Nijar bai sani ba. Ya yi aure da wuri, matarsa Atika ta haifa masa 'ya mace, ta rasu yarinyar tana cikin shekara ta biyu. Yayarsa Jummai ta ɗauke ta. Ko da uwar tana raye ma haka za a yi, don a garinsu ɗan fari ba na iyayensa ba ne. Uba ba ya ɗaukarsa, ba ya kiran sunansa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, in aka yabi yaron a gabansa sai ya sami abin dubawa a tafin hannunsa. Uwaisu ya riƙe wannan kunya fiye da sa'o'insa. Sunan yarinyar Mairama, amma ba a bakinsa na ji ba. Shi “yarinyar Yaya” yake cewa.

Farin 1973 ya kashe masa gona da 'yan tumakinsa, ya biyo motar shanu zuwa Kano. Shekara shida ya yi a wani kamfanin fata a Sharada, yana juya fatu cikin ruwan magani, har warin ya kama jikinsa yadda in ya shiga bas mutane kan matsa masa, ba don girmamawa ba. Da tari ya sa shi a gaba, wani ɗan garinsu ya sama masa aikin shara a maɗaba'ar Bompai, inda ake buga kalanda da kwalayen sabulu da takardun da ake liƙawa a jikin kwalabe. Ya kama ɗaki a Dakata, bayan wani fili da manyan motoci ke tsayawa. Tabarma, risho, akwatin ƙarfe, da rediyo mai batir huɗu. Ya sake aure sau ɗaya a birni. Wata bakwai matar ta ce ba za ta iya zama da mutumin da sai an jawo magana daga bakinsa kamar guga daga rijiya ba, ta tafi, bai je biko ba.

Gida yakan je sau biyu a shekara, da Sallah. Yarinyar takan zo ta durƙusa a bayan zana ta gaishe shi, ya amsa yana kallon rumbu. Abin da ya kawo mata, atamfa ko takalmi, a hannun Yaya yake sa shi, bai kuma taɓa cewa na wa ne ba. Haka ta girma, ta gama firamare, ta ci jarrabawar kwalejin horon malamai ta mata, duk a gefen idonsa.

A daminar 1984 wani direban ƙauyensu ya kawo masa ambulan har ƙofar kamfani. Da ajami ta rubuta wasiƙar, don ta san boko sai an karanta masa. Bayan gaisuwa ta ce 'yan ɗakinsu a makaranta kowacce tana da hotonta da mahaifinta a liƙe cikin murfin akwati, har wata ta tambaye ta ko ita marainiya ce gaba da baya. Ta ce ta san ba zai zauna a ɗauke su tare ba, ba ta kuma roƙe shi hakan ba. Amma ta ji an ce a Kano akwai masu haɗa hoto biyu ya zama ɗaya. Ga nata nan. In ba zai yiwu ba, ba komai, kada ya sa wa ransa damuwa.

Hoton baƙi da fari ne, girman tafin hannu. Tana tsaye cikin kayan makaranta da farin mayafi, hannunta na dama a kan wani dogon teburin fure irin na masu hoto. Ranar ce ya fara ƙare wa fuskarta kallo, tana da shekara goma sha takwas. Goshin na Atika ne, kunnuwan kuwa nasa.

Bai sha wahalar neman mai haɗawa ba, kullum da safe shi yake share masa ɗaki. Mista Haruna mutumin Kagoro ne, gajere mai sanƙo, shi ke riƙe da ɗakin zane na maɗaba'ar. In wani kamfani mai motoci uku ya kawo aikin kalanda, Mista Haruna zai mai da su goma sha biyu a jere, ya tsayar da mai kamfanin a gabansu ko da a falonsa aka ɗauke shi. Aikin Uwaisu ba zai ci masa yini guda ba. Kwana uku Uwaisu yana yawo da ambulan a aljihu. Duk sanda ya buɗe baki sai ya hango tambayar da za ta biyo baya, wace ce wannan, ya san kuma ba shi da harshen amsa ta. Rana ta huɗu, yana riƙe da tsintsiya, abin da ya fito daga bakinsa daban ne.

“Oga, wannan aikin naku, mutum kamar ni zai iya koya?”

Mista Haruna ya dube shi ta saman tabarau. “Malam Uwaisu, kai da furfura ta fara leƙo maka? Me ya yi zafi, tsintsiyar ce ta yi maka laifi?”

Uwaisu ya ce sha'awa ce kawai. Mista Haruna ya yi dariya, ya jawo tsohuwar kalanda daga kwandon shara, ya miƙa masa da reza. Ya ce ya yanko masa wannan Alhajin da ke jiki, kada ya bar masa bango, kada kuma ya cire masa kunne. Kunnuwan duka biyu suka tafi, har da gefen hula.

Daga ranar ya sallama hutunsa na rana. In jiniyar ƙarfe ɗaya ta busa, ma'aikata suka fita wajen mai tuwo a bakin ƙofa, shi sai ya yi alwala ya dawo ƙarshen teburin Mista Haruna, teburin gilashi mai fitila a ƙasa, ya zauna har a kira azahar. Asabar kuwa da ake tashi da rana, Mista Haruna kan bar masa makulli ya ce ya ba maigadi in ya gama. Wata biyu ya yi yana yanka kawai. Hannun da ya saba da fartanya da tsintsiya ƙarfi ya sani. Sai da ya koyi cewa takarda ake juyawa, reza tana wuri ɗaya, a ɗan kwantar da ita kuma don bakin yankan ya shige ƙasa.

Da ya fara liƙawa sai sababbin kurakurai suka fito, Mista Haruna kuwa ba ya gyara kuskure sai ya fara yi masa ba'a. Uwaisu ya ɗora wani mutum a gaban mota, farin bakin takarda ya zagaye shi, Mista Haruna ya ce irin waɗannan masu zagayen haske a cocinsu ake rataye su. Sannan ya nuna masa yadda ake goge bayan takarda da samfefa har ta koma kamar ɓawon albasa, a bi bakin da tawada mai ruwan toka. Wani mako kan mutumin ya fi tayar motar girma. Wani makon komai ya yi daidai a idon Uwaisu, ya kawo yana jin daɗi, Mista Haruna ya kalla ya ce, “A garinku rana biyu ke fitowa? Inuwar mota ta yi gabas, ta mutum ta yi yamma.” Na gaba ba shi da inuwa ko kaɗan, yana shawagi a saman ƙasa, aka tambayi Uwaisu ko kalandar aljanu aka ba shi.

Uwaisu yakan ɗauki aikin, ya rubuta kwanan wata a baya da ajami, da abin da aka ce ya ɓaci, ya jefa a wani kwalin sabulu a ƙarƙashin tebur. In zuciyarsa ta karaya sai ya zaro na wata uku baya ya ajiye kusa da na yau. Ya ce mini kwalin nan ne ya hana shi bari.

Inuwa ce ta fi ba shi wuya, ita ce kuma ta sake masa ido. Tafiyar da yake yi a ƙafa daga Dakata zuwa Bompai, shekara biyar kansa a sunkuye, ta zama makaranta. Ya lura inuwa ta fi baƙi a daidai inda tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, tana dusashewa in ta yi nisa. Ya lura farar riga tana jefa haske a ƙarƙashin haɓar mai ita. Wata safiya ya tsaya yana kallon ƙafafun wata mai ƙosai har ta ɗaga zane ta tambaye shi ko kunama ya gani.

Lokacin kuwa ba na koyo ba ne. Tsuke bakin aljihu ya kama kamfanoni, fim da takardar wanke hoto suka yi wuya, manaja ya sa musu kwaɗo a kabad. Guntayen da suka rage a ƙarshen aiki su Mista Haruna ke tara masa. An rage ma'aikata sau biyu, 'yan garinsu uku da yake cin tuwo da su ranar Lahadi duk suka koma gida. Waɗanda suka rage a wajen injina suka daina kiransa cin abinci, suna ce masa “Atis”, wato mai zane, wai ya shiga ɗaki mai sanyi ya fi ƙarfinsu. 'Yan ofis kuma har yanzu shi suke miƙa wa kwandon shara. Yakan yini bai yi magana da kowa ba sai Mista Haruna, ranar Lahadi kuwa sai amsa sallama a masallaci. Wasiƙar bai mai da amsarta ba. Ya dai ce wa direba ya faɗa wa wadda ta ba shi ambulan saƙo ya iso, ana nan ana yi. Sallah ta zo ya je gida, ta durƙusa a bayan zana kamar kullum. Ba ta tambaya ba, shi ma bai ce komai ba.

Sai da ya shekara ya yarda ya taɓa hoton nata. Asalin bai sa masa reza ba. Sai an ɗauki hoton hoton an wanke waɗanda za a yanka, kyamarar da ake yin haka kuwa a lokacin Mista Haruna kaɗai ke taɓa ta. Dole ya fito da shi. Mista Haruna ya tambayi wace ce, ya ce yarinyar Yayarsa ce. Mista Haruna ya dubi hoton, ya dubi kunnuwan Uwaisu, ya juya ya karanta sunan da ke baya, ya wanke masa guda shida, bai ƙara tambaya ba.

Saura nasa hoton. Da farko ya gwada da na katin shaidar aiki, sai ya ga kamar an ɗauko wanda 'yan sanda ke nema an ajiye kusa da ita. A nan ya gane abin da ba wanda ya gaya masa: maimakon ya yi ta fama da gyara, gara a ɗauki hoton da tun asali ya dace da nata. Ya zauna da gilashin ƙara girma ya karanci nata. Haske daga hagu yake, kyamarar a daidai ƙirjinta, ƙasan siminti ne. Ya sa babbar rigarsa ya tafi wani situdiyo a Sabon Gari, ya ce a kashe fitilar dama, a ja ta hagu baya, a sauke kyamara ƙasa kaɗan. Mai hoton ya ce shekara goma sha biyar yana wannan aiki ba a taɓa zuwa shagonsa a koya masa ba, amma ya yi. Sau huɗu Uwaisu ya koma kafin ya sami wanda ya kwanta masa.

A hoton nasa a zaune yake a kujera, niyyarsa ya tsayar da ita a gefe. Wata Asabar da la'asar ya yanke teburin furen daga hotonta, hannun ya rage a sarari. Yana matso da ita a kan gilashi, yana neman inda tsayinsu zai daidaita, sai hannun ya sauka a kafaɗarsa. Ashe tsayin teburin da kafaɗar mutum a zaune ɗaya ne. Bai shirya hakan ba. Ya janye ta, ya sake matsowa, ya janye. Maigadi ne ya ƙwanƙwasa taga ya ce an kusa kiran magariba. Ya liƙa ta a nan.

Abin da ya rage aikin haƙuri ne. Ya zana 'yar inuwa a ƙarƙashin yatsunta, ya ɗan lotsa rigar inda nauyin hannu zai danna, ya sa inuwar ƙafafunsu ta bi hanya ɗaya a siminti. Gefen mayafinta shara-shara ne, ana hango bangon da aka ɗauke ta ta cikinsa, wannan kaɗai ya cinye biyar daga cikin shidan da aka wanke masa. Yana cikin haka saƙo ya zo daga gida. Yarinyar ta gama kwaleji, za a ɗaura mata aure bayan Babbar Sallah da wani ma'aikacin gidan waya, Idrisu, wanda suka daidaita da shi, an kuma yi masa canjin aiki zuwa Mubi. Ba a nemi shawarar Uwaisu ba, ba kuwa raini ba ne, auren 'yar fari na baffanni ne. Ya tambayi direbobin Dakata ina ne Mubi, suka ce kwana biyu a hanya in mota ba ta lalace ba.

A lokacin Mista Haruna ya fara barinsa ya taɓa kyamara. Uwaisu ya ɗauki hoton aikin da kansa, ya wanke. Ranar Litinin ya sa shi cikin hotunan aiki a teburin maigidan, ya ɗauki tsintsiya ya koma lungu. Mista Haruna ya zo kansa, ya tsaya.

“Ashe baƙuwa ka yi, Malam Uwaisu? Ta zo har Kano ba ka kawo ta ta gaishe mu ba?”

Sai kuma ya tuna mayafin da tsayuwar, shi ya wanke su da hannunsa. Ya jawo gilashin ƙara girma, ya bi kafaɗar, ya bi yatsun, ya bi ƙasa, ya daɗe. Da ya ɗago bai yi ba'a ba. Ya ce zai gaya wa manaja daga wata mai zuwa a nemi wani mai shara.

Uwaisu ya yi godiya, amma maganar farko ce ta tsaya masa a rai. In mai sana'ar ya ɗauka gaske ne, mutanen ƙauye fa? Mata za su shiga ganin kayan amarya, su ga Uwaisu zaune, 'yar fari dafe da kafaɗarsa. Za a ce birni ya cinye masa kunya. Wannan ma da sauƙi. Yaya Jummai fa, wadda ta goya, ta yi jinyar ƙyanda, ta sayar da akuyarta ta sayi akwatin makaranta? Shekara biyu yana tsoron kada aikin ya fito da ɗinki, a ga inda aka haɗa, yarinyar ta ji kunya a gaban ƙawayenta. Bai taɓa kawo wa ransa kyan aikin ne zai zama abin tsoro ba. Cikin mako biyun da suka rage ya haɗa na biyu. Ya mai da teburin furen wurinsa, ita a wancan gefe, shi a wannan, tsakaninsu sararin da mutum zai iya wucewa. Ya sa duka biyun a ambulan, ya haɗa da allon kwalin da ya yi liƙe-liƙen na farko a kai.

Ya isa gida ana jibi ɗaurin aure, gero ya fitar da kai, gidan cike da mata ana daka. Sai bayan la'asar ya sami Yaya Jummai ita kaɗai a ɗakinta tana goge kwanonin jere. Ya zauna a bakin ƙofa, ya gaishe ta, ya yi zancen damina. Sannan ya ce akwai wani saƙo da yarinyarta ta yi tuntuni, ga shi ya kawo, iri biyu ne, ita za ta zaɓa. Na dafa kafaɗar ne ya fara zamowa daga ambulan.

Ta kai shi bakin haske. Ta daɗe tana kallo, fuskarta ta sauya.

“Yaushe ta je Kano?”

Ya ce ba ta je ba.

“Uwaisu, ni za ka yi wa haka? Shekara goma sha takwas ban taɓa hana ka ita ba, kai ka hana kanka. Sai ku haɗu a bayan idona, har da dafa kafaɗa, ni ina nan ina ta cewa 'yata?”

Ya rantse, ba ta saurara ba. Ta ce hutun bara da yarinyar ta ce za ta biya gidan ƙawarta a Haɗeja, ashe can aka je. Sai da ya zaro allon kwalin ya ɗora mata a cinya, ya kama babban yatsanta ya bi da shi gefen mayafin. Ta ji tudun takarda. Ta sake bi ita kaɗai, ta sa farce ta ɗan ɗaga gefen hannun, ta ga kafaɗar rigar a ƙasa ba kowa a kanta. Ta tambayi tun yaushe yake wannan abu, ya ce shekara biyu.

Dariya ta kama ta har sai da ta share ido da gefen zane. “Kai dai sakarai ne tun kana yaro. Shekara biyu kana yankan takarda, mutum na nan da ransa, tafiyar yini ɗaya.” Ta ɗauki na biyun ta kalla a karkace. “Wannan kuma fa? Kamar masu jiran likita. Riƙe abinka.”

Ya ce ta dai duba maganar mutane. Ta ce mutanen su zo su same ta, ita ta goya, ita za ta ba ta da hannunta. Ta naɗe hoton cikin sabon ɗankwali ta sa a akwatin amarya. Sannan ta rage murya ta ce abokan ango sun ɗauko mai hoto daga Gumel, zai zo ranar ɗaurin aure da hantsi. In ya zo, Uwaisu ya zauna, yarinyar ta tsaya, a yi na gaske sau ɗaya kafin a kai ta bangon duniya. Ita za ta tsaya a wurin, ta ga wanda zai buɗe baki. Ya gyaɗa kai.

Aka ɗaura aure a ƙofar gidan babban baffan, shi yana can baya cikin jama'a kamar ɗan gayya. Da hantsi mai hoto ya iso a babur, aka rataya zanen gado a jikin katanga, aka fito da kujera. Aka ɗauki ango da abokansa, aka ɗauki tsofaffi. Uwaisu yana ƙarƙashin darbejiya yana ganin komai, har ya lura kujerar ta ba rana baya, da a ɗan juya ta da ya fi. Ya ga an aika cikin gida a fito da amarya, ya ji muryar Yaya tana tambayar ina Uwaisu. Ya tashi kamar mai zagawa bayan gida, ya bi ta cikin gero, bai tsaya ba sai bakin titi. Motar farko da ta tsaya ta buhunan gawayi ce, ya hau. Jakarsa ma sai daga baya direban garinsu ya kawo masa, tare da saƙon Yaya, wanda Uwaisu ya ce ba zai maimaita mini ba.

Bayan wata uku wasiƙa ta zo daga Mubi, da ajami. Ta ce hoton yana rataye a falonsu, duk wanda ya shigo sai ya tambaya, ta ce mahaifinta ne. Ta ce Malam Idrisu ya nemi ɗinkin da aka ce akwai, bai gani ba. A ƙarshe ta ce an faɗa mata aiki ne ya taso masa ranar, Allah ya taimaka. Bara ta haifi ɗa namiji, ɗan farinta. Uwaisu ya ji an ce a gaban kowa take kiran sunan yaron. Ya faɗa mini haka, bai ɗora komai a kai ba.

Yanzu yana da teburinsa a ɗakin zane, kusa da taga. Kwalayen sabulu da takardun kwalba yawanci shi ke tsara su, ya iya jera haruffan boko da ido tun kafin ya iya karanta su da sauri. Ma'aikatan Bompai, har da na Sharada da Challawa, kan kawo masa hotuna biyu ranar Asabar, na miji da aka ɗauka a Kano, da na mata da yara daga ƙauye. Kafin ya karɓa yakan tambayi mutum wa da wa za su gani a garinsu, da kuma yawan sararin da ake so a bari tsakani. Ɗakin Dakata yana nan yadda yake. Bai je Mubi ba.

Ranar da na gama aikina a maɗaba'ar na biya in yi masa sallama. Jiniya ta busa, kowa ya fita cin abinci, daga ni sai shi. Na jima ina juya tambayar kafin in yi ta, don ya girme ni.

“Malam, ranar nan Yaya ta ba ku izini, ga kujera, ga amarya ana fitowa da ita. Me ya hana ku zama?”

Ya goge rezarsa da tsumma, ya ajiye ta a gefen gilashi.

“Na so zama, har hula na sake. To amma na takardar nan, sai da na yi wata uku ina komawa situdiyo kafin in san inda zan ajiye idona. Shi kuwa mai hoton Gumel uku kawai yake ƙirgawa.”